Hayaƙi da zaƙi a kofi ɗaya: ina neman haske kan wiskin da aka ƙarasa a gangar Porto

Ɗan Wusasa

Gaisuwa gare ku 'yan'uwa. Wata bakwai ke nan ina aiki a wani ƙaramin otal a garin Portree, a tsibirin Skye da ke arewa maso yammacin Skotland. Da aka ɗauke ni, kai abinci tebur ne aikina. Da lokacin zafi ya shigo baƙi suka yi yawa, sai aka ce in riƙa tsayawa wajen abin sha da yamma. Baƙin nan kuwa ba sa cewa a ba su kawai. Sai mutum ya nuna kwalba ya ce, wannan yaya take? Ni kuma ba na son in maimaita abin da ke rubuce a bayan kwali alhali bakina bai shaida ba.

Kwalbar da aka fi tambayata a kanta ita ce Talisker Port Ruighe, domin sunan garinmu ne da harshen Gelik, kuma matatar tana Carbost, tafiyar kamar rabin awa a mota daga nan. Tun 1830 take wurin, a bakin ruwa. Na je ranar hutuna, na ga manyan tukwanen jan ƙarfen, na sayi kwalba ɗaya da kuɗina. Ƙarfin barasarta kashi 45.8 cikin ɗari, ba a rubuta shekaru a jikinta ba, an dai ce an ƙarasa ta a gangar da aka taɓa zuba giyar Porto, wata giyar inabi mai zaƙi ta ƙasar Fotugal.

Dare uku na zauna da ita. Daren farko na zuba a kofin gilas mai faɗin baki, na kai hanci, abin da ya buge ni ƙauri ne kawai, irin na rigar da ta kwana kusa da murhu. Na kurɓa, yaji ya kama mini harshe kamar masoro, ban ji komai ba bayan haka. Dare na biyu na ari ƙaramin kofi mai tsukakken baki daga wajen aiki, na bar ta ta zauna kamar minti goma ina wanke kwanuka. Da na dawo sai ga wani abu daban a saman hayaƙin, wani ƙamshi mai kama da zoɓon da aka dafa da kanumfari, da ɗan busasshen dabino. Launinta ma da na ɗaga ta a fitila akwai ja-ja a gefe. Dare na uku ne abin ya fara damuna. Zaƙin yana zuwa da fari, ya yi kamar daƙiƙa uku, sai ya ɗauke, sai hayaƙi da gishiri su shigo su kwana a maƙogwaro. Kamar baƙi biyu da aka ba ɗaki ɗaya, kowa da tabarmarsa.

Ana cikin haka wani dattijo baƙo ya ce mini duk wiskin da aka sake wa ganga a ƙarshe kwalliya ce, ana shafa masa ja ne domin a ɓoye ƙuruciyarsa. Ya faɗa da tabbaci, har na kasa ba shi amsa.

To ga tambayata. Shin haka ya kamata irin wannan wiski ya kasance, zaƙi gefe hayaƙi gefe, ko hancina ne bai nuna ba tukuna? Kuma da me ake gane wanda gangar Porto ta ƙara wa daraja da wanda aka yi wa rufa-rufa? Matambayi ba ya ɓata.

Baba Kagoro

Ɗana, sannu da aiki. Na ji daɗin yadda ka kwatanta abin da ka ji da zoɓo da masoro, kar ka bari kowa ya raba ka da wannan. Masu rubutu a bayan kwali suna kwatance ne da 'ya'yan itatuwan da suka ci suna yara. Kai ma ka yi da naka.

Shekarata talatin da wani abu a Glasgow, kuma abin da ya buɗe mini ido kan wiski tunawa ne da kakata. Na ga yadda take jiƙa dawa, ta baza ta a inuwa ta rufe da ganye har ta yi tsiro, sannan ta shanya kafin a niƙa a yi burkutu. Aikin ke nan a nan ma, sai dai da sha'ir. Bambancin shi ne su ba su da ranar da za ta busar musu da tsiro, dole sai da wuta. A tsibirai kuma itace ya yi ƙaranci, sai suka riƙa yankar baƙar ƙasar fadama da suke kira fit, su busar, su ƙona. Hayaƙinta ne ke kama tsiron tun yana da danshi. Ka ga ke nan hayaƙin da ka ji ya shiga tun ranar farko, tun kafin a dafa, kafin a tsima, kafin a bi da shi ta tukunyar jan ƙarfe. Zaƙin Porto kuwa a ƙarshen tafiya ya zo, watanni kaɗan ko shekara ɗaya zuwa biyu kafin a ɗura a kwalba. Don haka ba abin mamaki ba ne ka ji su suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Abin dubawa shi ne ko akwai gada a tsakaninsu.

Ga yadda nake yi. Kofi mai tsukakken baki, kamar wanda ka ara. Kar ka tura hanci ciki kamar mai shaƙar asirin mura, ka ɗan buɗe baki, ka riƙe kofin ƙasa da hanci. Kurɓin farko ba a yanke hukunci da shi, na gaisuwa ne, harshe yana sabawa da zafin. A na biyu ka riƙe a baki kamar daƙiƙa goma. Sannan ka ɗiga ruwa, ba mai sanyi ba, rabin ƙaramin cokali, ka jira. Ƙanƙara kuwa kar ka sa in kana son ka auna, tana rufe ƙamshi.

In ka haɗiye, ka ƙirga a zuci. Wiskin da gangar Porto ta shige shi da gaske, bayan hayaƙi ya lafa za ka ji 'ya'yan itacen sun dawo, wani ɗan bauri-bauri mai daɗi a gefen harshe, irin na kanya da ba ta gama nuna ba. In zaƙin ya tafi bai dawo ba, sai wani maƙaƙi mai kama da ɗanyen ƙullu ya rage, to wannan ƙuruciya ce ke leƙowa.

Maganar dattijon nan akwai gaskiya a ciki, amma ya yi wa kowa kuɗin goro. Dokar 2009 ta ce ba a kiran abu wiskin Skotland sai ya kwana a gangar itacen oak a cikin ƙasar aƙalla shekara 3, kuma in an rubuta shekaru a kwalba, to na mafi ƙanƙanta ne a cikin haɗin. Wanda ba a rubuta ba, abin da ka tabbatar kawai shi ne ya kai ukun. Na taɓa sayen wata kwalba mai araha, ba zan kira suna ba, launinta kamar jan shayi, ƙamshinta kamar alewa, amma ana haɗiyewa sai zafi tsirara. Wannan kam kwalliya ce. Sai dai ka tuna a matatar Balvenie aka yi suna da wannan dabara ta sauya ganga tun shekarun 1980, a hannun David Stewart, kuma suna da wiski mai shekara 21 da suke ƙarasawa a gangar Porto. Mai shekara 21 ba shi da ƙuruciyar da zai ɓoye.

Launi kuma kar ya ruɗe ka. Doka ta yarda a sa ƙonannen sukari don daidaita launi. Jan nan mai ɗan ruwan hoda da ka gani a gefe shi ne ya fi zama shaidar gangar inabi, duhu kaɗai ba ya nuna komai.

Kana da sa'a guda. Talisker mai shekara 10 ma ƙarfinsa 45.8 ne. Ka zuba su biyu gefe da gefe, ka sa wani ya juya maka kofunan ba ka gani. Abin da ya bambanta su, yawancinsa aikin ganga ne. Gani ya kori ji.

Malam na Aberdeen

Ni Musulmi ne, ba na sha, ba kuma zan ce wa kowa ya sha ba. Na shigo ne domin an taɓo fit, kuma a kan fadamun nan nake karatu shekara huɗu ke nan. Baba, a yi mini izini in ƙara a kan naka.

Fit ba ƙasa ba ce kamar yadda muka san ƙasa. Gansakuka ce da ciyayi da saiwoyi da suka mutu cikin ruwa, iska ba ta kai gare su ba, sai suka kasa ruɓewa gaba ɗaya. Tana taruwa da kimanin milimita 1 a shekara. Wato ramin da mutum zai tsaya a ciki ya kai masa ƙugu, shekara dubu ce a tsaye. Na taɓa ciro wani yanki daga zurfin mita biyu, na murje shi a tafin hannu, ga zaren saiwa nan ana gani kamar jiya aka binne.

Abin da ya tsiro a wuri shi ke ba hayaƙin halinsa. A tsibirin Islay, da ake furtawa Aila, gansakuka ta fi yawa, itace kaɗan ne. A tsibiran Orkney wata gajeriyar ciyawa mai fure ce ta mamaye. Fit ɗin babban yankin ƙasar kuma ya fi yawan ragowar itace. Shi ya sa masu sha ke cewa hayaƙin wani wuri kamar magani, na wani kamar murhu.

Lambar da za ka ji baƙi suna ambata, ppm, ma'aunin sinadaran hayaƙi ne da ake kira finol, kashi nawa cikin miliyan. Wiskin Islay irin su Ardbeg wajen 55, Laphroaig wajen 40 zuwa 45, Talisker kusan rabin haka. Akwai wani Octomore da ya kai 309. Amma a jikin tsiron sha'ir ake auna wannan, ba a kwalba ba. Kaso mai yawa yana zubewa wajen tacewa, wani kuma yana lafawa a ganga da shekaru. Game da ruwan da Baba ya ce ka ɗiga, wasu masana biyu a Jami'ar Linnaeus ta Suwidin sun wallafa bincike a 2017, sun nuna cewa in an rage ƙarfin barasa, sinadarin gwayakol mai ƙamshin hayaƙi yana tasowa saman kofi, inda hanci zai same shi.

Abin da nake roƙo, ɗan'uwa, in baƙi sun tambaye ka, ka gaya musu shekarun da ke cikin hayaƙin nan. Fadamun fit sun rufe fiye da kashi 20 cikin ɗari na ƙasar Skotland, kuma ma'ajiyar iskar kabon ce babba, in an yanke ta ta bushe sai ta saki abin da ta riƙe. Gaskiya ne masu lambu sun fi matatun wiski cin fit nesa ba kusa ba, amma kowane yanki da aka ƙona, jikokin jikokinmu ba za su ga madadinsa ba. A 2024 UNESCO ta sa fadamar Flow Country ta Caithness da Sutherland cikin wuraren gadon duniya. In ka sami hutu ka je ka taka ta, ƙasa ce da ke motsi ƙarƙashin ƙafa kamar katifa.

Mai Mirgina Ganga

Yaya Ɗan Wusasa, ni shekara uku na yi a rumbun ajiyar ganguna a yankin Speyside, to bari in faɗi ɓangaren katako.

Ba a zuba giyar Porto cikin wiski. Doka ta hana, ruwa da ƙonannen sukari kaɗai aka yarda a ƙara. Gangar ce ake juye ta, amma katako ya riga ya sha, lita da dama na maƙale a jikinsa. Ranar da aka kawo mana su daga Fotugal, in ka cire toshiya ka kai hanci, ƙamshin kamar an dafa ɗinya da sukari. Dogaye ne masu tsukakken kai, suna cin lita 550 ko fiye, gangar Amurka kuwa wajen lita 200 ce. Mutum ɗaya ba ya wasa da su a gangara.

Ita giyar Porto daga kwarin kogin Douro take, yankin da aka shata masa iyaka tun 1756. Ana cikin tsima ruwan inabi sai a zuba masa barasa mai ƙarfin kusan kashi 77, yisti ya mutu, sukarin da bai cinye ba ya rage. Daga nan zaƙin yake. Kuma iri biyu ne za su shafe ka. Rubi ja ce, ƙaramar shekaru, tana ba da ɗanɗanon ɗanyun 'ya'yan itace, zoɓon nan da ka ji. Toni kuwa ta daɗe a katako tana shan iska har ta koma ruwan ƙasa, ita ke ba da gyaɗa soyayya da dabino. A ganina toni ta fi saurin shiri da hayaƙi, rubi ta fi tsayawa gefe. In ka ga ba su haɗe sosai ba, wani lokaci halin gangar ne, ba aibi ba.

Aibi na gaske guda ne da nake so ka sani: warin ashana da aka ƙyasta yanzu, ko na roba. Wasu masu inabi suna ƙona farar wuta cikin ganga don kar ta lalace a hanya, in ta yi yawa sai ta bi wiskin. Wasu mutane ba sa jin sa ko kaɗan, ni kuwa daga bakin ƙofa nake ganewa.

In kana son ka ji iyakar abin, ka nemi Laphroaig Brodir mai kashi 48, hayaƙinsa ya ninka na hannunka. Kilchoman ta Islay kuma ta taɓa fitar da wanda tun daga ranar farko a gangar Porto ya kwanta, ba ƙarasawa ba.

Uwar Biyu

Ƙanena, ni ma'aikaciyar jinya ce a Inverness. Warin asibitin da mutane ke cewa suna ji a wiskin Islay gaskiya ne, dangin sinadaran da ke cikin wasu magungunan wanke ciwo ne. Amma ba shi ya kawo ni ba. Kwalbarka mai santilita 70 a kan 45.8 tana ɗauke da awo 32 na barasa, shawarar likitocin Birtaniya kuwa kar a wuce 14 a mako. Mai aiki a bayan kantar abin sha yana cikin haɗari fiye da baƙo, domin kullum abin na gabansa. Masu wannan sana'a da hanci suke yawancin aikinsu, in sun kurɓa ma sukan tofar. Kuma baƙinku da motar haya suke yawo a tsibirin. Tun Disamba 2014 iyakar barasa ga mai tuƙi a Skotland miligiram 50 ce a mililita 100 na jini, ƙasa da 80 na Ingila, kuma da yawansu ba su sani ba. Ka riƙa tambaya wa zai tuƙa kafin ka zuba. Na ga abin da hanyoyin nan masu layi ɗaya suke kawo mana da dare.

Ɗan Wusasa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya Uwar Biyu, na ji, kuma na fara tambayar tun daren Juma'a. Ma'aurata biyu sun ce ba su san iyakar ta bambanta ba.

Baba, na yi gwajin ranar Litinin. Wata abokiyar aikina 'yar Folan ta zuba mini rabin awo na kowanne, ta liƙa takarda a ƙarƙashin kofunan. Na fara da hanci kawai, minti goma sha biyar ban kurɓa ba. Kofin hagu iska ce ta bakin teku, gishiri, masoro, da wani ƙamshi kamar tuffa. Na dama hayaƙinsa ya fi laushi, kamar an lulluɓe shi da zane. Na gane na dama ne na Porto tun kafin in ɗaga takardar.

Abin da ban zata ba shi ne abin da ruwa ya yi. Da na ɗiga rabin cokali a na dama na jira, tabarmi biyun nan da na ce sai suka matso. Zaƙin bai ƙara zuwa shi kaɗai a gaba ba, ya shiga cikin ƙaurin, abin ya koma kamar kilishin da aka gasa da ɗan zuma a jikinsa. Na ƙirga bayan haɗiya kamar yadda ka ce. Wajen ashirin hayaƙin ya sauka, sai ga baurin nan ya fito a gefen harshe, da ɗan tsamin zoɓo. Ya dawo ke nan. Ban ji ashana ba, ban ji ɗanyen ƙullu ba.

Duk da haka in aka ce in zaɓi ɗaya, mai shekara 10 zan ɗauka. Yajinsa a fili yake, kuma shi ya fi kama da iskar da ke buguna in na sauka bakin tashar jiragen ruwa da safe. Na Porto zan miƙa wa wanda ke tsoron hayaƙi, ko wanda ya gama cin abinci yana son abu mai ɗan zaƙi.

Na manta ban wanke kofunan ba a daren. Da safe na shinshina su a bushe. Na hagu toka ce zalla, irin ta murhun da ya mutu. Na dama kuwa tokar na nan, amma a ƙarƙashinta akwai dabino sosai, fiye da yadda na ji shi lokacin da wiskin ke ciki. Mai Mirgina Ganga, wannan dabinon na bayan kwana, daga giyar yake ko daga katakon kansa?